Tumba, Wadda Ta Yi Saura

Ana gama cin tuwo aka ɗauke wuta. Sai ga jikokin Iya Tasalla sun jawo tabarma ƙofar ɗakinta, su huɗu: Murja da littafinta na makaranta, ƙanenta Nafi'u, da tagwaye masu gyangyaɗi tun ba a fara ba.

"A'a, yau da alheri? Ashe kun san hanyar ɗakina," in ji Iya. "Sai akwatin kallonku ya mutu kuke tuna kuna da tsohuwa. Kai ma maigida, ko cefane babu, ka zo ka baje mini ƙafa."

Nafi'u ya ce, "Ai na sake ki tun jiya, Iya."

"Da wane bakin? Wannan mai miya a gefe? Goge, ka ba mutane wuri."

Murja ta haska littafin da tocila. "Iya, duba. Mangwaro goma sha uku, yara huɗu. Kowa ya samu uku, saura ɗaya. Ga shi an zana shi can gefe shi kaɗai. Malama ta ce mu tambayo a gida, ina ake kai saura?"

Iya ta karɓi littafin, ta nisanta shi da ido, ta shafa zanen da ɗan yatsa. "Kai, kun more, 'yan zamani. Har da launi. Mu littafinmu tsakuwa ce da ƙwallon tsamiya, fitilarmu farin wata. Amma wannan tambaya taki tsohuwa ce, ta girmi takarda."

Can jikin randa wata yarinya na tsaye, 'yar baƙin da suka kama hayar ɗakin gefe kwanan nan. Yatsa a baki, tana leƙen littafin daga nesa.

Iya ta ce, "Ba kwa matsa wa baƙuwa ba?"

"Tabarma ta cika, Iya," in ji Nafi'u. "Ta mutum huɗu ce."

"Ta cika ko? To madalla." Iya ta gyara zama, ta rufe littafin a cinyarta. "Ga ta nan, ga ta nanku, tun daga bakin kogi ta taso."

"Ta zo mu ji ta!"

Wani gari ne ana ce masa Tudun Kanya. A kan tudu yake, sai wata ƙorama da ta bi ta gabas da shi. Da rani yashi ce zalla, jakai ke birgima a ciki. Da damina kuwa, to, bari dai mu je.

A garin akwai 'yan mata goma sha biyu. Babbarsu Lantana, ƙaramarsu Delu, ƙanwar ita Lantanar. Lantana yarinya ce mai kai, ga baki kamar aska. Ita ke raba aiki, ita ke raba ci. Sha biyu kuwa, ku masu littafi kun sani, daɗin rabo gare ta. A raba ta bibiyu, ta rabu. A raba ta uku-uku, ta rabu. A raba ta huɗu-huɗu, ta rabu, ko ɓurɓushi babu. Har iyaye suka daina kiran sunan 'ya'yansu. In yamma ta yi, sai uwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Lantana, kun cika?" Sai ta ce, "Mun cika." Shi ke nan, hankali ya kwanta.

Wayyo, zamanin nan da daɗi yake! In wata ya fito, dandali ya cika, tafi na tashi har ƙauyen gaba. Ba mai kiran kowa ya zo ya kalli akwati. Ni dai har yau in na ji ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa, sai ƙafata ta riƙa neman dandali. Amma ina, ƙafar ma ta ƙi.

Ana nan, ana nan, sai kogi ya ci wani gari can nesa, Tungar Maje, garin masunta. Ba lokaci ɗaya ya cinye shi ba. Bana ya ɗauki gonar wannan, baɗi ya ɗauki ɗakin wancan, har ya zo ya sha kasuwa. Sai mutane suka watse, kowa ya kama gabansa. Sai wata tsohuwa mai suna Inno ta riƙo hannun jikarta Tumba, suka yi ta tafiya har Tudun Kanya. Kayansu duka tukunya ce, da tabarma, da filafilin tuƙa jirgi na marigayi mijinta.

Mutane suka yi ta dariya. "Tsohuwa, a ina za ki yi tuƙi? A kan yashi?"

Sai ta ce, "Ku dai ku ba ni ƙusa in rataye."

Sai suka ba ta ɗaki, suka ba ta ƙusa, don mutanen kirki ne. 'Yan matan gari suka zama sha uku.

Ran nan aka yi gayya a gonar mai gari. Aka ce 'yan mata su yi dakan fura. Aka jera turmi shida a gindin kanya. Tumba ta ari taɓarya, ta zo da murnarta. Sai Lantana ta tsaya a gaba, ta tafa hannu, ta ce:

"Bibiyu, bibiyu, kamar takalmi,
Kowa ta kama tata!"

Kafin ka ce kwabo kowa ta kama tata. Turmi shida, mutum bibiyu. Tumba na tsaye da taɓarya a kafaɗa.

Sai ta ce, "Ni fa?"

Lantana ta ce, "Ke saura ce."

"Mene ne saura?"

"Abin da rabo ya bari. Ba ni na ce ba, lissafi ne ya ce. Je ki kore mana kaji."

Sai lugude ya tashi, tim-tam, tim-tam, ana jefa taɓarya sama ana tafi ana cafewa. Tumba kuwa ta wuni tana "Hus! Hus!" da kaji. Da yamma ta koma ɗaki, ta zauna ƙarƙashin filafili, ta ce, "Kaka, mu koma gida."

Inno ta ce, "Wane gida, 'yar nan? Yanzu haka tarwaɗa ce kwance a kan gadona, ta miƙe gashin baki."

Tumba ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Sai ta yi waƙa a hankali:

"Tungar Maje, Tungar Maje,
Ina kika kai ƙofar gidanmu?
Ruwa ya sha, ruwa ya wuce,
Ya bar ni tsaye a tudu."

Aka kwana biyu. Sai aka ce 'yan mata su cika randunan gidan biki. Rijiyar garin guga huɗu take ɗauka. Tumba ta ce a ranta, yau ba bibiyu ba ne, yau zan shiga. Ta riga kowa zuwa, ta tsaya daf da bakin rijiya da tulunta. Sai Lantana ta zo, ta tafa hannu:

"Uku-uku, kamar duwatsun murhu,
Mai ja, mai zubawa, mai ɗorawa!"

Guga huɗu, mutum uku-uku. Aka cika.

"Ni fa?"

"Ke saura ce."

"Yau ma?"

"Yau ma. Ni na haifi lissafi? Tsaya can ki tare mana awaki, kada su sa baki a tulu."

Nan Murja ta katse tatsuniyar. "Iya, wannan Lantana muguwa ce."

"A'a, kada ki ɗauki alhakinta," in ji Iya. "Ba ta taɓa zagin Tumba ba, ba ta taɓa dukanta ba. Rabonta kawai take so ya fita tsaf, kamar mai tabarmar mutum huɗu. Ke dai saurara."

Tumba ta koma ɗaki da ƙafa duk caɓi. Ta ce, "Kaka, mu koma gida."

Inno ta jawo ta, tana tsefe mata kai. "Kin tuna ranar kasuwa, in za mu haye?"

"Na tuna. Kakana a ƙarshen jirgi, kifi na ƙyalli a kwando."

"Kin tuna abin da yake yi kafin ya sa filafili a ruwa?"

"Yana taɓa kan kowa."

"Yawwa. Ya ɗora hannu a kanka, ya kira sunanka, ka amsa. Ko jariri ne a goye sai an taɓa shi an kira shi, uwarsa ta amsa masa. A Tunga ba a cewa 'mun cika'. Kai ake taɓawa, suna ake kira. Mutanen tudu ba su san wannan ba, don ƙasa ba ta taɓa kifewa da su ba."

Tumba ta ɗauki hannun kakarta ta ɗora a kanta. Inno ta ce, "Tumba." Ta ce, "Na'am." Da wannan ta yi barci.

Ranar bikin aka fito wa 'yan mata da tuwo, akushi uku, miyar kuka ta sha man shanu. Lantana ko waƙar ba ta gama ba, "Huɗu-huɗu, kamar ƙafafun gado," kowa ta zauna. Akushi uku, hannu huɗu-huɗu. Wannan karon Tumba ba ta ce "Ni fa?" ba. Ta riga ta ƙirga da idonta. Sai Delu, 'yar ƙaramar nan, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, in matsa mata?"

Lantana ta ce, "Zauna inda aka ajiye ki. A ɗebar mata a murfi."

Aka ɗebar mata a murfi. Ba a yi mata rowa ba, har da tsoka aka sa. Amma wanda ya taɓa cin tuwo shi kaɗai, ga mutane can suna haɗa hannu suna dariya, ya san ba ya wucewa ta maƙogwaro. Ta kai wa kakarta murfin yadda yake.

Ba ta ce a koma gida ba. Sai ta ce, "Kaka, ko dai ni saura ce a ko'ina?"

Inno ta zuba mata ido. Can ta ce, "Kada in ƙara jin kalmar nan a bakinki. Kalmar ruwa ce. Ke 'yar kogi ce, kin san yana magana."

"Na sani."

"Me yake cewa in ya kawo?"

"Yana cewa, saura nawa ne."

"To. Abin da aka bari a gefe shi yake fara lasa. Da ɗakin gefe ya fara a Tunga, muka ce ai ɗaki ɗaya ne. Ga mu nan yau."

Sai damina ta faɗi. Kaɗanya ta nuna a dajin da ke hayin ƙorama. 'Yan mata suka ɗauki ƙore, suka tafi tsinta tun da hantsi. Suka taka yashin ƙorama, ko danshi babu. Su shida-shida a jere, hannu cikin hannu. Tumba na biye can baya, ita da ƙwaryarta.

Aka yi ta tsinta, ana sha ana dariya. Ba wadda ta ɗaga kai. Sai da iska ta kaɗa suka duba gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, rana ta ɓace, gari ya rufe kamar magariba. Sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Lantana ta ƙwala kira, "A koma! Kowa ta kama tata!"

Kowa ta ja zane ta lulluɓe kai, ba a ganin fuska sai ƙafa. Abokiyar Delu, wata yarinya Kande, ta lalubo cikin duhu, ta ji hannu kusa da ita, ta damƙe. "Zo mu gudu!" Suka zura da gudu. Da suka shiga ƙorama ruwa ya kai idon sawu. Da suka fita ya kai ƙwauri.

A gindin wani ɓaure da ke bakin gaɓa Lantana ta tsayar da su. Ruwa na dukan idonta, ta ƙirga kawunan da ke lulluɓe. "Bibiyu!" Shida cif. Ta ce bari ta tabbatar. "Uku-uku!" Huɗu cif. "Huɗu-huɗu!" Uku cif.

"Mun cika! A tafi gida!"

To, hannun da Kande ta damƙe, na wa ne?

"Na Tumba!" in ji Nafi'u, har yana miƙewa.

Zauna, maigida, na Tumba ne. Tun da ta zo garin nan ba a taɓa riƙe hannunta ba sai yau. Hannun Kande da ɗumi. An ce bibiyu, tana ciki. An ce uku-uku, tana ciki. An ce huɗu-huɗu, tana ciki. Wallahi daɗi ta ji, daɗin da ba ta ji ba tun Tunga. Zuciyarta ta ce mata, yi shiru. Ja zanenki ki ƙara rufe fuska. Ko daga nan zuwa ƙofar gari ne, ki taɓa tafiya a cikin jeri.

Ta yi taku ɗaya da su. Ta yi na biyu. Sai ta ji ƙorama a bayanta tana gurnani, tana cewa:

"Saura nawa ne, saura nawa ne,
Abin da aka bari, nawa ne."

Sai Tumba ta tsaya cak. Ta zare hannunta daga na Kande. Ta yaye zanen kanta.

"Lantana, ba mu cika ba."

"Wace ce wannan? Ke, Tumba? Me ya kai ki cikin jeri?"

"Abin da nake tambaya ke nan. Yaushe aka taɓa raba mu ban yi saura ba?"

"Sau uku na ƙirga! Lissafi ba ya ƙarya."

"Bai yi ƙarya ba. Sha biyu ya ce miki. Mu kuwa sha uku muka fito. In ni ina ciki, wata tana waje."

Lantana ta juya za ta sake ƙirgawa. Tumba ba ta jira ta ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗora hannu a ka, tana kiran suna. Ta san sunan kowa. Wanda ya daɗe a gefe yana kallo ai ya fi kowa sanin suna.

"Kande." "Na'am."

"Asabe." "Na'am."

"Hansai." "Na'am."

Haka har kawuna suka ƙare. Suna ɗaya ya rage a bakinta, babu kan da za ta ɗora wa hannu.

"Delu."

Shiru, sai ruwa.

"Delu!"

Sai walƙiya ta haska. Ga Delu can tsakiyar ƙorama, a kan wani ɗan tudun yashi. Ashe ta tsaya tattara kaɗanyarta da ta zube, ta biyo su a makare. Ruwa ya kewaye ta gaba da baya, yana cin yashin da take kai kaɗan-kaɗan.

Lantana ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah na shiga uku! Ƙanwata! Me zan ce wa Inna?" Ta zabura za ta faɗa ruwa. Tumba ta riƙe mata zane.

"In kika shiga ke kaɗai, biyu zai ci. Rungumi ɓauren nan da hannu ɗaya. Ku kuma ku kama juna. Ba tafin hannu ba, wuyan hannu za ku damƙe, yadda masunta ke jan taru."

Lantana, mai ba da umarni, yau ita ce ta ce "To." Ta rungumi ɓaure. Ta biyu ta kama ta, ta uku ta kama ta biyu. Suka miƙa cikin ruwa kamar igiya, Kande a ƙarshe, ruwa har ƙirjinta. Ta miƙa hannu, Delu ta miƙo nata. Bai kai ba. Tsakaninsu tsawon mutum ɗaya.

Lantana ta yi kuka daga gaɓa, "Mun ƙare! Ba sauran kowa!"

Tumba ta ce, "Akwai saura."

Sai ta bi jikin igiyar nan, tana dafa kafaɗa bayan kafaɗa, har ta kai ƙarshe. Ta ce, "Kande, ba ni hannun nan da kika ba ni ɗazu bisa kuskure."

Kande ta ce, "Ungo. Yanzu da sanina na ba ki."

Tumba ta damƙe shi. Ta kwanta a kan ruwa yadda 'ya'yan Tunga ke yi, ta miƙa, ta cafko wuyan hannun Delu. Tana cafkewa yashin ya narke.

Sai ƙorama ta fusata. Ta ce, "Ku ba ni rabona! Ku rabu bibiyu in ɗauki saura!" Ta banko su. Hannuwa suka yi ƙara.

Lantana ta ce, "Kada wadda ta saki!"

Ƙorama ta ce, "To ku rabu uku-uku!" Ta turo musu kututture. Suka sunkuya, ya wuce.

"Kada wadda ta saki!"

"To huɗu-huɗu!" Ta tashi har wuya, ta cika musu baki da laka. Ba wadda ta saki.

Sai ƙorama ta gaji. Ta ce, "Ke mai lissafi, wai ku nawa ne?"

Lantana ta dubi igiyar nan, daga hannunta har hannun ƙanwarta, ba inda ta yanke. Ta ce, "Ɗaya ne mu. Nemi saura ki gani."

Ƙorama ta duba nan, ta duba can, ba kowa a gefe. Sai ta yi tsaki, ta kwashe ƙoren kaɗanya duka ta tafi da su, don kada a ce ta tashi a tutar babu. Su kuwa suka jawo juna, ɗaya bayan ɗaya, har Delu ta taka gaɓa tana tari tana kuka.

Da suka isa ƙofar gari iyaye na tsaye cirko-cirko cikin ruwa. Uwar Lantana ta ce, "Lantana, kun cika?"

Lantana ta sauke zanen kanta. Sai ta juya, ta ɗora hannu a kan ta farko, ta kira suna. Ta bi su duka, suna amsawa. Ta zo kan ta ƙarshe.

"Tumba."

"Na'am."

Sannan ta ce, "Inna, kowa ta amsa." Tsohuwa Inno na can baya da sandarta. Jin haka sai ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Kada ku ce daga ranar sha uku ta koyi rabuwa. Ina! Har gobe ba ta rabuwa. Turmi shida ne dai, sai ɗaya ya ɗauki taɓarya uku, aka kuwa tarar lugudensa ya fi na kowa zaƙi. A rijiya aka samu mai hutar da wadda hannunta ya gaji. Akushi ɗaya ya ɗauki hannu biyar. Lantana ta ɗan yi gunaguni, wai loma ta ragu. Ta ragu ɗin, amma ba wadda yunwa ta kashe. A dandali kuwa, in an yi da'irar gaɗa, sha biyu su tsaya, ɗaya ta shiga tsakiya ta faɗo da baya su cafe ta. Kowa sai layi ya zo kanta ta zama saura, har faɗa ake yi a kai.

Tungar Maje ba ta dawo ba. Abin da ruwa ya ci ya ci. Tumba ta girma a tudu, ta tsufa a tudu, wani lokaci in hadari ya taso takan yi waƙar nan tata, idonta ya kawo ruwa. Filafilin nan kuwa, wata gayya muciya ta karye a babbar tukunya. Sai Inno ta shiga ɗaki, ta sauko da shi daga ƙusa, ta wanke, ta ce, "Ungo. Ya gaji da rataya. Tuƙi dai tuƙi ne." Da shi aka riƙa tuƙa tuwon gayya a Tudun Kanya har ya cinye.

Iya Tasalla ta dubi jikokinta. Tagwaye sun wartsake, ido tar. Ta buɗe littafin, ta miƙa wa Murja.

"Littafinki bai yi ƙarya ba, saura ɗaya ne. Rubuta yadda aka koya miki. In malama ta ce ina ake kai shi, ki ce kakarki ta ce a ɗaga kai a duba, wataƙila mai shi na tsaye."

Murja ta dubi mangwaron da ke gefe. Ta ɗaga kai ta dubi jikin randa. Sai ta ɗauki ɗaya daga cikin tagwaye ta ɗora a cinya. Nafi'u ya yi kamar bai gani ba, can ya tanƙwashe ƙafafunsa, ya ja jiki, yana ƙunƙuni. "Ai dama ba ta cika sosai ba."

"Ji shi," in ji Iya. "Zo, 'yar nan, zauna."

Yarinyar ta zo a hankali, ta zauna a bakin tabarma. Murja ta tura mata rabin littafin kan gwiwarta. Iya ta miƙa hannu ta bi kawunansu.

"Murja." "Na'am."

"Nafi'u, mijin da ba cefane." "Na'am."

Ta taɓa tagwaye, suka amsa tare. Hannunta ya sauka a kai na biyar, ta tsaya. "Ku gaya mini sunanta."

Ba wanda ya sani. Murja ta sunkuyar da kai.

Yarinyar ta cire yatsa daga baki. "Zinatu," ta ce.

"Zinatu."

"Na'am, Iya."

"To, ƙurunƙus kan ɗan kusu, ya faɗa ƙorama ya fito da wutsiya a jiƙe. In akwai ƙarya a ciki, ruwa ya tafi da ita tare da ƙoren kaɗanya. Ku dai ku riƙe wannan: kafin ku ce kun cika, ku kira suna."